Spritz na lemun tsami: me ke cikin kofin, me za a sha a madadinsa?

Anti, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Padova, ban daɗe da zuwa Italiya ba. Kullum da yamma sai 'yan ajinmu su ce mu fita aperitivo, wato ɗan shaye-shaye da ciye-ciye kafin abincin dare. Ranar nan wata ta turo mini wani ƙaton kofi mai ruwan ɗorawa, da ƙanƙara da yankan lemun tsami da ganyen na'a-na'a, ta ce sunansa limoncello spritz, wai lemo ne kawai. Ban sha ba. Da gaske lemo ne? In ba lemo ba ne, me zan riƙa cewa a kawo mini?

Ƙanwata, gara da kika bar shi a kan teburi. Giya ce, kuma ba mai sauƙi ba. Ban ce ƙawarki ta so yaudararki ba, don su a wajensu abin da ba ya ƙona maƙogwaro ba su cika ɗaukarsa giya ba. Amma ga yadda ake haɗa shi, ki yi lissafin da kanki.

Abu uku ne a kofin. Na farko prosecco, giyar inabi mai kumfa da ake yi a arewa maso gabashin Italiya, wato yankin da kike zaune da maƙwabcinsa, barasar cikinta wajen kashi 11 cikin 100. Na biyu limoncello, wanda asalinsa daga kudu ne, wajen Sorrento da Amalfi da tsibirin Capri. Ana jiƙa ɓawon lemun tsami a cikin tsantsar barasa mai ƙarfin kashi 95 ko 96 har launi da ƙamshi su fito, sannan a tsinka da ruwan sukari. Ko bayan an tsinka, yawanci yana tsakanin kashi 25 zuwa 30. Na uku ruwan soda. Ma'aunin da aka saba shi ne uku, biyu, ɗaya: prosecco mililita 90, limoncello 60, soda 30. In kin haɗa, barasar da ke kofin tana tsakanin mililita 25 zuwa 28. Ƙaramar kwalbar giya ta mililita 330 mai kashi 5 ba ta wuce 16 da rabi ba. Ke nan kofi ɗaya na “lemon” nan ya fi kwalba ɗaya da rabi. Sukari da sanyi ne suka rufe masa asiri.

Mai launin lemun zaƙi da kike gani a kowane teburi, shi ne spritz na Aperol, kuma Aperol ɗin ɗan garinku ne: a nan Padova wasu 'yan uwa biyu na gidan Barbieri suka fito da shi a 1919. Ya fi na limoncello sauƙi, don Aperol kashi 11 ne, amma shi ma giya ce. Al'adar spritz kanta ana danganta ta da zamanin da Ostiriya ke mulkin yankin, kafin 1866, lokacin da sojojinta ke sa a tsinka musu giyar ƙasar da ruwa.

Abin da za ki sha kuwa, ba za ki rasa ba, don a wannan fanni Italiya ta yi wa marasa shan giya adalci. Ki ce a kawo miki Crodino. 'Yar ƙaramar kwalba ce mai launin lemun zaƙi, an fara yin ta a shekarun 1960 a garin Crodo, tana da ɗan ɗaci da zaƙi, kuma za a zuba miki ita a kofi da ƙanƙara da yankan lemo kamar na kowa. Akwai Sanbittèr, ja wur, ta fi ɗaci. Akwai chinotto, baƙi kamar Coca-Cola amma da ɗacin wani ƙaramin lemo da ake nomawa a wajen Savona. Wasu daga kurɓin farko suke rabuwa da shi, wasu kuma ba sa komawa wani lemon. In ɗanɗanon lemun tsami kike so, ki nemi cedrata ta Tassoni ko limonata ta San Pellegrino. Ni dai a ce in zaɓa, cedrata mai sanyi da yankan lemun tsami na fi so, ko da yake sukarinta ba kaɗan ba ne.

Kalmar da za ki riƙe ita ce analcolico, marar barasa. Sai dai ki sani, a dokar Tarayyar Turai sai abin sha ya wuce kashi 1.2 ake tilasta rubuta yawan barasarsa, kuma a Italiya giyar sha'ir da aka rubuta wa analcolica tana iya kaiwa wannan adadin. Saboda haka in kwalba ta yi miki kama da ta giya, ki nemi inda aka rubuta 0,0%. Kuma in kin ce a haɗa miki spritz marar barasa, ki tambayi abin da za a zuba, don wani mai sayarwa zai ga ɗigon Aperol ba komai ba ne.

Ki kula da farantin da ake kawowa tare da abin sha, don nan ne aka fi tuntuɓe. Zaitun da gyaɗa da soyayyen dankali ba matsala. Amma salame da prosciutto da mortadella duk naman alade ne, wasu burodin da kitsen alade ake yi, sunansa strutto, sannan 'yan zobban nan masu ƙaras-ƙaras da ake kira taralli, irin na Puglia da farar giya ake kwaɓa su. Batun zama a teburin da ake shan giya kuwa, wannan tambayar malaminki ce, ba tawa ba.

Salamu alaikum. Ina girkin biki a Abuja. Wata amarya ta nuna mini hoton wannan abin sha a Instagram, ta ce shi take so a walimarta amma ba giya. Na ga kwalabe iri-iri a kanti: akwai ruwan inabi mai gas, akwai wanda aka ce giya ce aka cire barasar. Wanne zan saya, kuma yaya zan samu wannan launi da ƙamshi?

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kwalaben nan biyu ba hanya ɗaya suka biyo ba. Ruwan inabi mai gas ba a taɓa barinsa ya zama giya ba, matse shi aka yi aka ɗura masa gas. Ɗayan kuwa cikakkiyar giya ce aka yi, daga baya aka janye barasar, kuma dokar Turai ta yarda a bar har rabin kashi ɗaya cikin 100 a ciki. Malamai sun yi magana a kai, kuma ba bakinsu ɗaya ba. A taron da za ki shayar da iyaye da kakanni, kada ki jawo wa kanki tambayoyi. Ga shi ta fi tsada.

Gaskiya ma ko ruwan inabin ban ga dole ba. Zaƙinsa ya yi yawa, in ya haɗu da ruwan sukarin lemun tsami sai abin ya gundure mutum tun bai kai rabin kofi ba. Ki sayi ruwan soda da tonik, rabi da rabi. Ɗan ɗacin tonik shi zai cike gurbin abin da kika cire.

Aikin gaske yana wajen ɓawo. Ƙamshin limoncello ba daga ruwan lemun tsami yake fitowa ba, daga man da ke cikin fatar waje yake. Ki matsa ɓawon kusa da hancinki, za ki ga wani ɗan feshi ya tashi: shi muke nema. Sukari yana iya jawo shi kamar yadda barasa ke yi, in an ba shi lokaci.

Na kofi 20, ki nemi manyan lemun tsami masu ruwan ɗorawa guda 10. Ki wanke su da ruwan ɗumi ki goge sosai, domin na shigowa da su daga waje galibi an shafe su da kakin zuma ko makamancinsa da maganin hana ruɓewa. A Italiya har rubutawa ake a jikin raga ko ɓawon na ci ne ko ba na ci ba. A kasuwarmu ba wanda zai faɗa miki, don haka in kin samu na gona wanda ba ya sheƙi, shi ya fi. Ki feraye da siririyar wuƙa, iya fatar mai launi kawai. Farin nan na ƙarƙashi, in ya biyo, ki kankare shi, shi ne ke kawo ɗaci marar daɗi. Ki zuba ɓawon a kwano da sukari giram 400, ki murza da bayan ludayi har sukarin ya fara damshi, ki rufe ki bar shi ya kwana. Da safe za ki tarar sukarin ya jiƙe ya koma rawaya, ƙamshi ya cika kicin. Sai ki zuba ruwan ɗumi mililita 400, ba tafasasshe ba, ki juya har ya narke, ki tace. Bayan ya huce ki ƙara ruwan lemun tsamin da kika matse, mililita 300. Zai ba ki kusan lita ɗaya. A firiji zai yi kwana uku zuwa huɗu lafiya lau.

In ƙananan namu masu kore kawai kika samu, za su yi, amma fatarsu siririya ce kuma tana saurin ɗaci. Awa biyu ko uku a cikin sukari ya isa, kuma ki haɗa da ɓawon lemun zaƙi biyu. Launin ba zai fito kamar na hoton ba. Ki gaya wa amarya tun da wuri, ya fi ki zuba kala.

Wajen zubawa: ki cika kofi da ƙanƙara har baki, manyan ƙwayoyi, don 'yan ƙanana suna narkewa nan da nan su salance abin. Cokali uku na cin abinci na ruwan lemun, sannan soda da tonik wajen mililita 120, a zuba a hankali ta gefen kofi. Juyi ɗaya tak. Yankan lemun tsami, sai na'a-na'a da kika ɗan mara a tafin hannu. Kwalaben su kasance da sanyi ƙarara, domin gas ya fi zama a ruwa mai sanyi, kuma kada a buɗe sai za a miƙa. Kuskuren da aka fi yi a biki shi ne a haɗa komai a babbar kula tun da hantsi. Kafin amarya ta iso, gas ya gudu, an koma shan ruwan sukari. Ki ware yara biyu da aikinsu kawai zubawa.

Anti, zan je Napoli da Sorrento wajen aiki. Maiɗakina ta ce in kawo mata “abin lemun tsamin nan na Italiya”. Me zan saya?

Malam, kwalaben da za ka gani jere a kowane shago, wasu da siffar taswirar Italiya, wasu da zanen fulawa, limoncello ne, ka wuce su. Haka wanda ya yi kama da madara, crema di limoncello, shi ma da barasa. Cakulan da alawa masu ruwa a ciki, ka juya bayan kwali ka nemi kalmar liquore ko alcool. A wajen kayan zaƙi, babà a cikin giyar rum ake jiƙa shi, delizia al limone kuma galibi da limoncello a ciki. Kada wani ya ce maka wuta ta ƙone barasar, don waɗannan bayan gashi ake zuba musu.

Ka sayo mata jam na lemun tsami, da alawar lemun tsami zalla, da sabulu. In kana da wuri a akwati, ka biya Vietri sul Mare, garin masu tangaran a bakin gaɓar Amalfi, ka ɗauko faranti ko tulu mai zanen lemun tsami. Ɗanyen lemun kuwa ka ci rabonka a can. Na Amalfi, sfusato, dogo ne mai tsini, ɓawonsa da kauri, har yanka shi ake a ci. Kuma kafin ka bar Napoli ka tsaya a rumfar masu lemo ka sha nasu: ruwan lemun tsami da ruwa mai gas, sai mai rumfa ya jefa ɗan garin baking soda. Nan take zai taso ya yi ambaliya, dole ka ja baya ka buɗe ƙafafu ka shanye a tsaye, in ba haka ba takalminka ya sha.

Ni Kirista ce, ina aiki a Torino, nakan sha jefi-jefi. Zan yi baƙi, ina so in haɗa na ainihin. Wane prosecco zan saya?

'Yar uwa, ki ɗauki wanda aka rubuta wa Brut. Sunayen suna ruɗarwa: Extra Dry ya fi Brut zaƙi, giram 12 zuwa 17 na sukari a lita, Dry kuma ya fi su duka, 17 zuwa 32. Limoncello ya riga ya cika da sukari, ba ya buƙatar ƙari. Kada ki kashe kuɗi kan mai tsada na tsaunukan Conegliano da Valdobbiadene, limoncello zai danne duk abin da kika biya dominsa. Kuɗin ki sa su a limoncellon: wanda aka rubuta an yi shi da lemun Sorrento ko na Amalfi mai tambarin IGP, shaidar cewa a yankin aka noma shi, ba wanda launinsa ke ƙyalli saboda kala ba. Ki rage shi zuwa mililita 40 ki ƙara soda, ki ajiye abinci a gaban mutane, ki kuma tanadi Crodino don wanda ba ya sha. Mai tuƙi a cikinsu ki ba shi Crodinon: iyakar doka a Italiya giram 0.5 ne na barasa a litar jini, kuma ga wanda bai kai shekara 21 ba ko lasisinsa bai cika shekara uku ba, ko ɗigo ba a yarda ba.