Bangon tsohon gidanmu kullum a jiƙe, me za mu yi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka mana da shawara, mun gaji wani tsohon ƙaramin gida ginin dutse da laka, ƙasan bangon ɗakunan kullum da danshi, fenti sai kumbura yake yana ɓarewa ga wani farin gari kamar gishiri. Birkila ya ce mu ƙara filastar siminti mai kauri mu bi da fenti mai mai, shikenan. Mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. A'a don Allah kar ku yi, wannan shawarar ita ke kashe tsofaffin gidaje. Irin ginin nan tun asali yana shan laima kaɗan kuma yana fitar da ita idan iska ta buga, to da zarar kin lulluɓe shi da siminti da fenti mai mai kin toshe hanyar fitar, ruwan zai ci gaba da shiga ta ƙasa ko ta tsagar simintin amma ba inda zai bi, sai ya hau sama ya ruɓar da lakar da katakon da ke cikin bangon, ke kuma kina ganin waje fes.

Kafin maganar shafe ma, ku gano ta ina ruwan ke zuwa. Ki manna leda a bangon da salatif ki rufe gefunan ruf, bayan awa 48 ki duba. In jiƙewar ta ɓangaren ɗaki ce to tururin girki ne da shanya da rashin buɗe taga. In ta ɓangaren bango ce, ruwan a cikin ginin yake. Wanda ke tasowa daga ƙasa yawanci ba ya wuce mita 1, kuma shi ke barin gishirin nan da kika gani. Ku zagaya ta waje ku duba indararo da rufin, sannan ku duba ko ƙasar waje ta taru ta fi daɓen ɗaki tudu, wannan kam yana yawan faruwa mutane ba sa lura. A kwashe ta har ta koma ƙasa da daɓen da kamar santimita 15, a yi wa ruwan sama hanya ya yi nesa da gindin bango.

Sai a ɓamɓare tsohon siminti da fentin a hankali, da hannu, a bar bangon ya sha iska. Nan ake son haƙuri fa, magina na ƙiyasta kusan wata 1 ga kowane milimita 25 na kaurin bango, kin ga bango mai kauri zai iya cinye shekara.

In ya bushe a yi yaɓe da laka ko da laim, wato farar hodar da ake samu in an ƙona dutsen farar ƙasa, a kwaɓa da yashi ba tare da siminti ko cokali ɗaya ba. Fenti kuma ruwan laim ɗin ne tsararo, shafi 3 ko 4 sirara, a riƙa barin kwana tsakani, a ɗan yayyafa wa bangon ruwa kafin a shafa. Laim ɗin yana cin fata sosai, mai aikin ya sa safar hannu da tabarau. Kuma a janye kabad da gado daga jikin bangon ko da tafin hannu ne iska ta riƙa ratsawa.