Baƙon faifai a zaure ake tarbarsa

Jiya muna rufe shago ka ce, "Maigida, katin memwar da matar nan ta Kasuwar Dole ta kawo, me ya hana ka buɗe shi kai tsaye, sai da ka bi ta doguwar hanya?" To zauna ka ji, ɗana.

Ka san gidajen Birni. Akwai zaure, akwai cikin gida. Kanel, wato zuciyar Linux, shi ne cikin gida: abin da ya shiga can yana iya taɓa komai. Manhajojin yau da kullum a zaure suke zama, kowacce da tabarmarta. Lambobin da ke karanta tsarin fayiloli, ext4 ne ko FAT, waɗanda muke kira direba, a cikin gida suke, kuma tun asali an rubuta su ne da zaton faifan da za a ba su lafiyayye ne. Namu kuwa ka ga irin waɗanda ake kawowa: wuta ta ɗauke ana cikin rubutu, ƙurar hunturu ta shiga, wani ma da gangan aka lalata shi. Idan direban ya yi tuntuɓe da lalataccen tsarin fayiloli a cikin kanel, injin gaba ɗaya na iya sandarewa. Ya taɓa faruwa da ni ina tsakiyar kwafe hotunan bikin wani, aikin awa uku ya tafi, mai kaya yana zaune a benci yana kallona.

Shi ya sa nake fito da direban zaure. FUSE, wanda ya shiga Linux a 2005, shi ne ƙofar da ke ba manhaja ta zaure damar amsa buƙatun fayil. Amma lura, nan yara ke rikicewa. Shi ntfs-3g da ka saba da shi, mai karanta faifan Windows, sabon rubutu ne daban, an yi shi don zaure. Abin da na yi jiya wani abu ne: LKL, wanda ke ɗaukar ainihin lambobin kanel na Linux ya mayar da su laburare, wato tarin lambobin da wata manhaja ke iya ara, sai lklfuse ya tafiyar da su kamar kowace manhaja. Direba ɗaya ne, wanda aka shekara da shekaru ana gyara kurakuransa, wurin zamansa kawai aka sauya. In ya faɗi, shi kaɗai ya faɗi, ka sake tayar da shi. Mutanen NetBSD, wani tsarin kwamfuta mai kama da Linux, su ma suna da nasu, rump, aikin Antti Kantee ɗan ƙasar Finlan.

Yana da nauyi, ban ɓoye maka ba. Kowace buƙata sai ta shiga kanel, ta fito zaure, ta sake komawa, don haka kwafin manyan bidiyo yana jan ƙafa. Faifanmu na shago da na yarda da shi, ba na wahalar da kaina da wannan.

Kuma ko jiya ba katin kansa na ba lklfuse ba. Sai da na ɗauki hotonsa, wato kwafin katin gaba ɗaya a fayil guda, da manhajar ddrescue, na cire katin na sa a ambulan, sannan na buɗe hoton a yanayin karatu kawai. Gobe da safe akwai kle ɗin USB na malamin makarantar nan a aljihun tebur, kai za ka yi, ni ina shan shayina ina kallo.