Amsa ga ɗan ƙanena a kan jana'izar kakarsa

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na fahimci har yanzu ranka bai kwanta ba. Ka tambaye ni dalilin da ya sa muka binne kakarka a maƙabartar Atan da ke Yaba kwana biyu kacal bayan rasuwarta, ba anko, ba makaɗa, ba yankan saniya, alhali abokan aikinka sukan ajiye gawa a asibiti wata biyu ko uku har a tara kuɗin biki. Ka ce an yi maka gori a ofis.

Ba na kushe al'adar maƙwabtanmu Yarbawa, domin a wurinsu bikin tsoho godiya ce ga Allah saboda tsawon rai, kuma na ci shinkafarsu a Agege ba sau ɗaya ba. Amma mu a ƙasar Zazzau ba haka muka taso ba. Kirista ne ko Musulmi, idan mutum ya cika ba a daɗewa ake kai shi makwancinsa, sannan a zauna makoki, maƙwabta su kawo abinci, a gidan Kirista kuma 'yan zumuntar mata su raira waƙoƙi har dare. Zafin ƙasa yana cikin dalilan, amma ba shi kaɗai ba ne.

Ka buɗe Zabura 90, addu'ar Musa. A aya ta 10 an ƙayyade mana shekara saba'in, ko tamanin ga mai ƙarfi, a aya ta 12 kuma ya roƙi Allah ya koya mana ƙidaya kwanakinmu domin mu yi hikima. Ni da na haura saba'in, gyara nake ci, irin wadda mai awo ke ƙara wa mai saye bayan ya cika mudu. Yakubu 4:14 ya kwatanta rai da hazo mai bayyana ɗan lokaci ya watse. Wanda ya yarda da wannan zai gane cewa kwanakin da ake ƙidayawa na mai numfashi ne, domin gawa ta riga ta gama nata lissafin.

A watan Disamba na 1893 samari uku suka sauka a wannan Legas ɗin da nufin kai bishara ƙasarmu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, ba wanda ya kai shekara talatin. Daga aikin nan ne ikilisiyar ECWA ta tsiro, inda aka yi maka baftisma, kuma ban taɓa jin wanda ya tambayi abin da aka ci a jana'izarsu ba.

Na taɓa halartar jana'izar wani dattijo a nan garin, wanda ya yi jinya shekara biyu maƙwabta ne ke saya masa magani, amma ranar binnewa 'ya'yansa suka toshe titi da rumfuna, da bashi kuwa. Kakarka ta ci nata rabon tana raye: kuɗin da za a kashe a anko shi ya biya maganinta, shi ya kai ta gida ta ga danginta sau biyu kafin ƙafa ta gagara.

Wannan ya kawo ni kanka. Mahaifiyarka tana Wusasa tana fama da hawan jini, kai kuwa Kirsimeti uku ke nan ba ka leƙa ta ba, kullum aiki ya yi yawa. Na ji ka shiga adashi. Idan kwasarka ta zo, ka nemi hutu ka hau motar Zariya, ka kai ta wurin likita da kanka, ka zauna da ita ko da mako guda ne. Kafin ka tafi ka biyo ta gida, innarka ta ajiye mata atamfa turmi biyu.