Amsa ga ƙanwarmu mai aiki kan samfurin Dange

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kin wanke samfurinki, ƙwayoyin foraminifera (ƙananan halittun teku masu kwanso, waɗanda burbushinsu ke cikin laka) sun fito, amma kin rasa wanne ne Subbotina triloculinoides wanne ne Parasubbotina pseudobulloides. Wallahi duk wanda ya yi wannan aiki ya san ciwon idon.

Ki juya ƙwayar ta ɓangaren cibiya, wato ɗan ramin da ke tsakiyar kwanson, da burushi mai lamba 000 da kika ɗan jiƙa, ki ƙirga ɗakunan zagayen ƙarshe. Triloculinoides uku ne ko uku da rabi, na ƙarshen ya kumbura har ya cinye kusan rabin jikin, bakinsa na cikin cibiya da leɓe bayyananne. Pseudobulloides kuwa yawanci biyar ne, bakinsa ya taso daga cibiya ya nufi gefe. Duka biyun Helen Plummer, masaniya 'yar Amurka, ce ta fara siffanta su daga duwatsun Midway na Texas. Kada ki raɗa wa abin da bai kai maikuron 125 ba suna (maikuron ɗaya bisa dubu ne na milimita), 'ya'yan nan duk kamarsu ɗaya.

Abin da ke ƙona min rai shi ne masu taimakawa a ɗakin gwaji da ke zuba wa samfurin ɗalibi asid, wai don ya yi saurin narkewa. Haba! Kwanson nan sinadarin farar ƙasa ne, asid cinye shi yake yi. Yarinya ta kashe kuɗin mota daga Birnin Kebbi zuwa Dange ta jihar Sakkwato, ta sha rana, a miƙo mata yashi, kuma idan ta yi magana a ce ita ce ba ta iya tsince su ba. Ki tsaya a kansu da kanki. A busar a digiri 50 na Salshiyas, a jiƙa a haidurojin ferokzayid mai kashi 3, a wanke a rariya mai maikuron 63, ba murza da yatsa.

Lakar Dange akwai ma'adinin jibsom, kuma lakar da ta daɗe a waje sau da yawa kwanson ya riga ya zagwanye, sai an tona ciki. Kuma tekun da ya shimfiɗa ta ba mai zurfi ba ne, foraminifera mazauna ƙasan ruwa sun fi masu yawo a sama irin waɗannan biyun yawa, kada ƙarancin masu yawon ya tayar miki da hankali. Jar ƙasar Gwandu dai kada ma ki ɓata lokaci, ba ta teku ba ce.

Turo hoton cibiya da na gefe mu gani.