Moton da zai juya maka faifai

Ka ce akwatin garmahonka ya haɗu, faranti ya zauna a kan boris, saura moto, kana tambaya ko ka ɗauki mai ƙarfi da gudu don kada faifai ya riƙa jan ƙafa. A'a, ɗana. Mai gudun nan shi zai fi ba ka wahala.

Irin moton da za ka nema, sinkronos, bugun wutar da aka ba shi yake bi, wato yawan kai-da-komon da wutar take yi a daƙiƙa. Wuta ta ɗan ƙaru ko ta ɗan ragu, muddin bugun bai canja ba, juyinsa na nan daram. Lissafinsa kuwa ba wuya: bugun wuta sau 120, ka raba da yawan kawunan maganaɗisun da ke cikinsa. Mai kawuna 24 a kan wuta mai bugu 50 a daƙiƙa zai yi juyi 250 a minti, a kan mai bugu 60 irin ta Amurka kuma 300. Mai kawuna 12 ninkin haka yake yi. Ni dai mai 24 zan ce ka nema, irin wanda kamfanonin Linn da Rega masu ƙera garmaho suka daɗe suna sawa.

Dalilina na wajen fuli, wato ɗan gargaren da ke kan sandar moto wanda bel ke hawa. Faifai yana son juyi 33 da sulusi a minti, wato sai moto mai 250 ya juya sau 7.5 kafin faranti ya zagayo sau ɗaya. In bel zai kewaye bakin faranti mai faɗin milimita 300, fulinka milimita 40 ke nan. Da mai juyi 500 ka ɗauka, fulin 20 ne kacal, bel bai samu wurin kamu sosai ba, kuma kuskuren rabin milimita wajen sassaƙa shi zai kai gudu ya kauce da kashi 2.5 cikin 100. Kunne yana jin wannan. Kada ka manta da kaurin bel, shi ma yana cikin lissafi, don haka fulin ya gaza 40 da kusan kaurinsa.

Ƙarfi ba shi ne damuwarka ba. In farantin ya yi nauyi, ka ɗan tura shi da yatsa ya tashi, shi ke nan. Karkarwa ce abokiyar gabarka, domin duk rawar da moto ya yi allura za ta kwashe ta kai lasifika. Moton koyil biyu gare shi, wato naɗin waya, kafasita kuma, wata 'yar na'ura mai riƙe caji, ita ce ke jinkirta wa ɗaya wuta. Sa daidai wadda masu moton suka rubuta, ba wadda hannunka ya faɗa kai ba. Ka kunna shi, ka ɗora bakin sukundireba a jikinsa, ƙotar a kunnenka, za ka ji gaskiyarsa. Bayan ya kama gudu, rage masa ƙarfin wuta yana kwantar da rawar ba tare da ya taɓa juyi ba. Ka zaunar da shi a kan roba, nesa da hanyar allura, ka kuma haɗa masa wayar ƙasa.

In wutarka ba ta riƙe bugu ɗaya, misali ta janareta, samo ɗan akwatin da ke ƙirƙiro bugunsa da kansa. Da shi, ka ɗaga bugu daga 50 zuwa 67.5 ka samu juyi 45 ba tare da ka taɓa bel ba.

Ranar gwaji kuma, takardar nan mai zane-zane da ake ɗorawa a kan faranti, kada ka haska ta da fitilar da ke shan wuta ɗaya da moton. Tare za su kauce, zanen ya tsaya cak alhali gudu ba daidai ba. Nemi fitilar gwaji mai batir da ke ƙyaftawa da nata bugun.