Tambaya da Amsa: Kwanan Jirgi Daga Niyok Zuwa Los Anjalis

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Naji ance a Amurka a da mutum zai shiga jirgin ƙasa a Niyok ya kwanta, bazai sauka ba sai Los Anjalis, alhali babu kamfani ɗaya dake da layin dogo daga wannan gaɓar zuwa waccan. Toh ya akeyi? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa maka ɗan'uwa, dabarar a tarago take. Taragon kwanan galibi ba masu layin ke gudanar dasu ba, kamfanin Pullman ne, shi ke zuba gadaje da zannuwa da ma'aikata, shi yasa fasinja ke biyan kuɗi biyu, na tafiya ga masu layi, na gado kuma ga Pullman. Idan jirgin wani kamfani yakai ƙarshen layinsa sai a kwance taragon a ɗaura shi a jikin jirgin wani, tunda faɗin dogon ɗaya ne.

Inda abin ya daɗe yana cije wa shine Chicago, nan layukan gabas ke tsayawa na yamma su ɗauka, kuma a lokacin manyan tashoshi har shida ne a garin, dole ka sauka da akwatunanka ka nemi mota zuwa wata tashar. A 1946 Robert Young na kamfanin jirgin ƙasa na Chesapeake and Ohio ya buga talla a jaridu yana yiwa sauran kamfanonin jirgin gori, wai alade zai ratsa ƙasar baki ɗaya ba'a canza masa jirgi ba amma ɗan adam bai samu wannan gatan ba. Gorin yayi aiki kuwa, a shekarar aka fara haɗa taragon.

Misali jirgin 20th Century Limited na kamfanin New York Central zai iso tashar LaSalle da safe, sai ƙaramin inji yazo ya janye taragon ya zagaya dashi ta cikin yadi har tashar Dearborn a maƙala shi jikin jirgin Chief na kamfanin Santa Fe. Awanni ake ɗauka fa, dan haka sauri bai wani ƙaru ba, sauƙin dai shine kayanka na ɗakinka ba mai taɓawa. Masu hidimar ciki kusan duk baƙaƙen fata ne, su ke shimfiɗa gado, da dare ka ajiye takalminka da safe ka tarar an goge shi fes, ga albashin ba yabo ba fallasa sai ɗan ihsanin fasinja.

Abin bai yi tsawon rai ba, jirgin sama da manyan tituna suka kwashe fasinja, wajen 1958 aka daina yawancin wannan haɗin tarago. Pullman ya bar harkar a ƙarshen 1968, Amtrak, hukumar jiragen ƙasa da gwamnati ta kafa, ta karɓi jigilar fasinja a 1971.