Tambaya da Amsa: Yaya Ake Gane Ƙananan Halittun Teku?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun ilimin halittu. Tunda yanzu ana iya karanta DNA na halittun nan masu ƙwaya ɗaya tak da ke yawo a ruwan teku, me ya hana masana daina amfani da madubin likita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Mai aiki da madubi yakan ɗebo ruwan teku, ya ɗiga masa aidin domin halittun su mutu ba tare da surarsu ta lalace ba, ya bar su su kwanta a gindin ƙaramin gilashi, sannan ya leƙa su ta ƙasa yana ƙirgawa. Da haka yake raba dayatom, mai ɓawon silika (sinadarin da ake yin gilashi da shi), da dainofilajelet, mai iyo da siraran bulali biyu.

Sai dai kama da wane ba ta wane. A 1987, mutum fiye da 100 suka kwanta ciwo a Kanada, aƙalla uku suka rasu, bayan sun ci wasu halittun ruwa masu ɓawo daga tsibirin Prince Edward, waɗanda suka tara gubar wani dayatom na dangin Pseudo-nitzschia. 'Yan wannan dangi duk sirara ne masu tsini, wasu na fitar da guba wasu ba sa fitarwa, kuma da wuya madubi na yau da kullum ya bambanta su.

Nan DNA ya yi rana. Ana tace ruwan, a ciro DNA ɗin abin da ya rage, a karanta sashen da ake kira 18S, a gwada shi da waɗanda ke ajiye a kwamfuta. Jirgin binciken Faransa mai suna Tara ya ɗebo samfura daga 2009 zuwa 2013, kuma sakamakon 2015 ya nuna iri kusan 150,000, alhali waɗanda aka siffanta a baya kusan 11,000 ne.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, kusan kashi ɗaya cikin uku na iri 150,000 ɗin nan ba su dace da wani sanannen rukuni ba, domin kwamfuta ba ta ba da suna sai wani ya riga ya ga halittar, ya siffanta ta, ya ajiye DNA ɗinta. Ƙirga ta hanyar DNA ma tana ruɗarwa, tunda dainofilajelet guda na iya ɗauke da dubban kwafin 18S. Shi ya sa masana da dama yanzu suke tsamo ƙwaya ɗaya a ƙarƙashin madubi, su ɗauki hotonta, sannan su karanta DNA ɗinta.